Ƙafafun Da Obi Ya Ƙi Sawa

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda na tashi, da yadda na auri Ummanku, da ƙauyukan da aikin duba makarantu ya kai ni, amma duk lokacin da na iso shekarar da na sa wa motata manyan ƙafafu sai in rufe littafin in ce sai gobe. To goben tana neman ƙare mini. Ku ukun nan, Hafsatu da Bashir da Aminu, kun tashi kun san abu ɗaya game da ƙafar mahaifiyarku, wai wani bakanike ne a Sabon Gari ya yi wa motata aikin banza, birki ya ƙwace a shataletalen Bata. Haka aka faɗa muku, haka kuka faɗa wa 'ya'yanku. Ba haka aka yi ba, kuma ni ne na bar maganar ta zauna a haka.

Sunan bakaniken Obi. Iyayensa daga gabas suka zo, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, in yana Hausa daga ƙarƙashin mota ba ka cewa ba ɗan Fagge ba ne. Garejinsa a wani lungu yake, gindin wata darbejiya, da benci ɗaya da na zauna a kai ya fi a ƙirga. Mutum ne mai taurin kai irin nawa, shi ya sa muka shaƙu. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk notin da ya ɗaure da hannunsa, sai ya tsoma tsinken tsintsiya a wani gwangwanin rawayan fenti ya ɗiga masa. In ka leƙa ƙafar motar da ta fito daga wurinsa za ka ga ɗigo-ɗigon nan a jikin kowane noti. Na sha tsokanarsa a kan haka.

"Obi, mota ce ko amarya, da kake mata lalle?"

"Malam, kai in ka duba makaranta ba ka sa hannu a takarda? To wannan shi ne sa hannuna. In ta lalace a san inda za a zo."

Ni na fara kai masa mota, ni kuma na ja masa dangi. Kun san gidanmu, malamai ne da ma'aikatan gwamnati, kowa da 'yar motarsa ta hannu da yake lallaɓawa daga wata zuwa wata. A hankali duk suka koma wurin Obi, har ya zama rabin motocin da ke gindin darbejiyar nan namu ne. Ummanku kuma suka ƙulla da matarsa, Maman Uche. Da babbar Sallah mu aika musu da nama, da Kirsimeti su aiko mana da cincin da galan na manja. Ba wani abin mamaki ba ne a lokacin, haka mutane suke zaune.

Motata doguwa ce, fara, mai lafiya, aibinta ɗaya: ƙasa-ƙasa take. Lungun babban gidanmu na Fagge kuwa kun san shi. Duk damina ruwa ya ci shi, duk rani masu gida su zuba burji, kowa yana ɗaga ƙofarsa ta fi ta maƙwabcinsa, har kwalbatin bakin lungun ya yi doro. Kullum in zan shiga sai na sauke mutane, na karkata motar, na hau a hankali ina jin cikinta yana gugar siminti. Na saba da haka, ban taɓa ɗaukarsa abin kunya ba, sai ranar sunan jikan Yaya Tijjani. Yaya Tijjani shi ne babban wanmu, a lokacin ya yi sabuwar jif, ta tsaya a ƙofar gida kowa yana shafawa. Na zo a makare, ina sauri, ban sauke kowa ba. Ina hawa kwalbatin sai ji na yi ƙarau, salansa ta cire ta faɗi a tsakiyar lungu, motar ta ɗauki ruri kamar injin niƙa. Majalisa cike take, an shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Yaya ya tashi tsaye, ya gyara babbar rigarsa.

"Sani, wannan motar taka har yanzu rarrafe take yi? Ka kawo ta a yi mata addu'a ko ta fara tafiya."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su da ko keke. Ni ma na yi dariyar, na tsuguna na ɗauki salansar da gefen rigata saboda zafi. Amma ku sani, tun muna yara ban taɓa iya haɗiye dariyar Yaya ba. Mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, mai duba makarantu, wanda hedimastoci suke miƙewa in ya shigo, sai ga ni na kwana ina juya maganar rarrafe a raina. Washegari da sassafe ina wurin Obi.

Na ce masa ya mayar da salansa, sannan ya nemo mini manyan wili da manyan tayoyi, irin waɗanda za su ɗaga motar ta daina jan ciki. Ya shiga ya karya sitiyarin har ƙarshe, ya fito ya tsuguna, ya zura hannu tsakanin tayar gaba da jikin motar, sannan ya ce in tsuguna ni ma. Ya nuna mini wani baƙin tiyo, bai fi kaurin ɗan yatsa ba.

"Ka ga wannan? Ta nan man birki yake bi. Yanzu tsakaninsa da taya yatsu uku ne. In na sa abin da kake so, saura yatsa ɗaya. Ranar da ka loda mutane motar ta zauna, ka karya sitiyari, taya za ta dinga lasarsa. Ba yau za ta cinye shi ba, ba gobe ba. Rana ɗaya za ka taka birki ka ji ƙafarka ta wuce har ƙasa."

Na ce ai ina ganin motoci irin tawa da manyan ƙafafu suna yawo a gari, babu abin da ya same su. Ya ce shi bai san nasu ba, tawa ya sani. Ya ce zai canja mini shokazoba ta ɗan taso, sauran kuma in ci gaba da shiga lungun a karkace kamar yadda na saba, ko mu haɗu da maƙwabta a fasa doron kwalbatin. Duk maganar hankali ce. Ni kuwa ba hankali na zo nema ba, so nake in shiga lungun nan a miƙe Yaya yana kallo.

"Motata ce, Obi."

"Motarka ce, Malam. Amma Hajiya take zama a gaba, yara a baya. Ni dai hannuna ba zai sa ba."

A nan na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce masa ya yi ƙiba ne da motocin danginmu, shi ya sa yake zaɓen aiki. Ya dube ni kawai, ya mayar mini da salansa, ya ɗiga mata fentinsa, ya miƙo mini makulli. Daga nan na zarce bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake sayar da tsofaffin wili a jere kamar faranti. Wanda na samu a can bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi sunansa ba. Kafin azahar ya gama. Motar ta tsaya ƙiƙam, ta yi wani irin tsayi da bai dace da ita ba, kamar yaro a takalmin babansa, amma a idona ta yi kyau. Da yamma na shiga lungun gidanmu a miƙe, ko ƙis ba ta taɓa ba. Yaya yana zaune a ƙofar gida, ya ɗago kai.

"A'a, an yi girma."

Ya ci gaba da hirarsa. Abin da na samu ke nan, kalma huɗu. Da na koma gida Ummanku ta fito ta zagaya motar, ta sunkuya ta dubi ƙafar gaba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta koma ciki. Ni a wautata na ɗauka burge ta abin ya yi.

Ba a yi sati ba na fara jin ƙarar. Duk lokacin da na sha kwana sosai sai in ji gurr daga ƙasa, ta gefen dama. Na san abin da take nufi, don an riga an faɗa mini. Abin da nake yi shi ne in ƙara muryar rediyo. Komawa wurin Obi yana nufin in tsaya a gindin darbejiyar nan in ce ka yi gaskiya, ni kuwa gara a ce in yi dakon buhu. Sau ɗaya Ummanku ta yi magana.

"Malam, wannan ƙarar fa?"

"Sabuwar taya ce, za ta saba."

Kamar wata biyu muka yi a haka. Ranar wata Asabar da hantsi aka tashi kai abincin bikin ƙanwarta. But ɗin motar cike da kuloli da buhun shinkafa, yayyenta biyu a baya da wasu kulolin a cinya, ita a gaba kusa da ni. Motar ta zauna sosai, tun daga ƙofar gida ƙarar ba ta tsaya ba. Muka iso Bata, wurin ya cika maƙil kamar kullum, 'yan baro da masu talla da masu tsallaka titi da ɗaurin atamfa a ka. Na taka birki. Ƙafata ta wuce har ƙasa, babu komai a ƙarƙashinta. Wallahi abin da na fara ji a kunnena ba salatin matan ba ne, muryar Obi ce. A gabana da hagu mutane ne, a dama wata babbar mota ce a tsaye ana sauke diloli. Na karya dama. Gefen da Ummanku take shi ya shige ƙarƙashin bayan motar. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, yayyenta suka tsira da ƙujewa, ita kuwa sai da aka ɓanɓare ƙofa aka zaro ƙafarta.

A barandar asibiti muke, ana can ana aiki a kan gwiwarta, danginta sun jeru a benci, namu suna tsaye. Yaya Tijjani ya iso daga inda aka ja motar. Ya ce wani bakanike ya leƙa ya nuna masa tiyon birki, taya ta cinye shi har ya huje, bakaniken kuma ya ce duk wanda ya sa waɗannan ƙafafun bai san aikinsa ba. Sai ya juyo gare ni a gaban kowa.

"Wa ya sa maka su? Wannan na Sabon Garin ne ko?"

Na dubi yayyenta da jini a zannuwansu, na dubi mahaifinta, dattijo, yana jan carbi. Kai kawai na gyaɗa. Na sha gaya wa kaina cewa ruɗewa ce, amma ba ruɗewa ba ce, tsoro ne da son kai. Kuma bari in faɗa muku abin da ya fi muni: na san maganar za ta zauna daram, saboda Obi ba namu ba ne. Da sunan wani ɗan unguwa aka kira, da an je an tambaye shi, da wani kawunsa ya taso. Obi kuwa babu wanda zai tsallaka titi ya ji ta bakinsa.

Kwana biyu bayan haka ya zo asibitin, shi da Maman Uche, tana riƙe da kular farfesu. Ina cikin ɗakin, ina hango su ta tagar ƙofa. Yaya ya tare su a baranda. Ban ji duk abin da ya ce ba, na dai ji "ka nakasa mana mata", na ga Obi ya buɗe baki, sannan ya leƙo ta tagar muka haɗa ido. Jira yake in fito. Na sunkuyar da kai ina gyara zanen gadon da babu abin da ya same shi. Da na ɗago sun tafi da kularsu.

Daga nan abin ya bi dangi gida-gida. Kowa ya janye motarsa. A majalisa, a masallaci bayan sallah, a ofis, sai ka ji ana cewa kada ka kai wa mutumin nan, shi ya kusa kashe iyalin Malam Sani. Mutane suna zuwa yi mini jaje suna ja masa Allah ya isa, ni ina cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce, har ana yabona da sanyin hali. Cikin shekara biyu gindin darbejiyar ya zama fili. Na ji ya bar garejin ya koma wani ɗan shago yana sayar da fulogi da man inji. Mutumin da yake sa hannu a kan kowane noti ya koma miƙo kaya ta kan kanta.

Abin da ya sami Ummanku kuwa kun gani da idonku, sai dai ba ku san ta kafin nan ba sosai. Mace ce mai sauri, 'yan aji ɗaya take koyarwa, a tsaye take wuni tana tsalle da su. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ta bar aikin. Farar kujerar robar nan da kuka saba gani a kan dardumarta, tun daga shekarar ta shigo ɗakin. Shekara ashirin da wani abu tana sallah a zaune, ba ta ƙara sa goshinta a ƙasa ba. Wata rana na shigo na same ta ta sunkuya daga kan kujerar tana shafa dardumar da tafin hannu, sannan ta shafa a goshinta. Na koma da baya na fita. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, wannan kuma ya fi gorin ciwo.

Sau ɗaya na ƙara haɗuwa da Obi, a Titin Ibrahim Taiwo, na fito daga wani shago shi kuma yana jiran abin hawa. Babu hanyar kaucewa. Ya rame, furfura ta cika masa kai. Shi ya fara gaishe ni, ya tambayi ƙafar Hajiya, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

"Malam, ban faɗa wa kowa a Fagge ba. Ko na faɗa ba za a yarda ba. Kai nake jira ka faɗa."

Na ce in sha Allahu. Ya hau mota ya tafi. Na yi niyya, Allah ya sani na yi niyya, amma kullum sai in ga ba ranar ba ce. Yau ana biki, gobe Yaya ba shi da lafiya, jibi kun girma kuna ganina da mutunci. Ina wannan jan ƙafa aka aiko cewa Obi ya rasu. Ban je ba. Ummanku ce ta sa aka tsayar mata da adaidaita sahu, ta ɗauki sandarta ta tafi Sabon Gari ita kaɗai. Bashir, kai ka yi ta faɗa ranar, kana cewa me za ta je yi gidan wanda ya nakasa ta. Ina zaune ina jinka, ban ce maka ka yi shiru ba.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana bayan la'asar, muna mu biyu a ɗaki, na ga in ban faɗa yanzu ba shi ke nan. Na fara da cewa akwai abin da na ɓoye mata game da motar nan. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Babu fenti a jikin notin, Malam. Tun ranar da ka kawo ta na duba."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa magana ba. Ta ce da farko ciwo ne ya hana ta, daga baya kuma ta ga in ita ta faɗa, ta tona wa uban 'ya'yanta asiri a gaban danginta, ta zaɓi ta jira ni. Ta ce ita ma tana neman gafarar Allah a kan wannan jiran, don ya yi tsawo. Ta ce duk babbar Sallah tana ware cinya ɗaya ta ba maƙwabciyarmu ta kai wa Maman Uche, ba tare da na sani ba. Na riƙe hannunta na ce ta yafe mini.

"Ƙafata na yafe maka tun muna asibiti. Sunan mutumin nan kuwa ba nawa ba ne, balle in yafe."

Bayan an yi arba'in ɗinta na tafi Sabon Gari. An sare darbejiyar, an yi shaguna a wurin. Da tambaya na sami Maman Uche a ƙofar gidansu, ta tsufa, tana zaune a gaban ɗan teburin kayan miya. Ta gane ni, ta yi mini gaisuwar Hajiya da hawaye, ta sa aka kawo mini kujera. Na zauna na faɗa mata komai tun daga salansa har gyaɗa kan da na yi. Ina tsammanin za ta zage ni, ina ma so ta zage ni. Ta saurara har na gama, tana gyara tumatir a faranti.

"Malam, ai mu mun sani. Ranar da ya ƙi sa maka ya dawo gida ya faɗa mini. Ba mu ne ba mu sani ba. Can Fagge za ka je ka faɗa."

Na dawo Fagge na duba wa zan faɗa wa. Yaya Tijjani ya rasu da maganar a bakinsa. Mahaifin Ummanku ya rasu, yayyenta sun rasu. 'Yan majalisar da suka yi dariyar salansa, suka kuma ja Allah ya isa, saura mutum biyu, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya gane mutane. Kwalbatin ma an fasa shi an yi sabo, yanzu kowace mota shiga take a miƙe. Na jira har waɗanda ya kamata su ji sun ƙare, ku kaɗai kuka rage.

Don haka ku karanta wannan, ku karanta wa 'ya'yanku da 'ya'yan Yaya, duk inda kuka taɓa faɗin waccan maganar ku koma ku gyara ta. Bashir, Uche yana nan a shagon babansa, ka je da ƙafarka. Obi bai taɓa waɗannan ƙafafun ba. Ya ce kada a sa, ya nuna mini dalili da yatsunsa uku. Ni na kai aka sa, ni na ji ƙarar, ni na ƙara muryar rediyo.